Injin ɗaga kaya da bayan ɗan dako, daga Malbaza zuwa Ƙonni



Duk wanda ya saba bin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ya san yankin Malbaza zuwa Ƙonni da kaya biyu masu nauyi: siminti da albasa. Malbaza na yin siminti tun shekarun 1960, kuma sabon kamfanin garin an gina shi ne don fitar da tan 650,000 a shekara, wato buhu miliyan 13 mai kilo 50. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kwaddibuwa. A Tsernawa hanya ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Tawa ta Badagishiri a gundumar Illela. Daga Ƙonni kuwa iyakar Nijeriya tafiyar 'yan mintuna ce. Ko'ina aka tsaya, ana lodi ko ana saukewa.

A kasuwanni da mangazoji, yawancin wannan nauyi a bayan mutum yake sauka. Babban buhun albasa ya haura kilo 100. Mutum biyu ko uku ke cicciɓarsa su aza wa ɗaya, shi kuma ya sunkuya, ya taka katako, ya hau bayan tirela, ya dawo a sake aza masa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada babban namiji ya ɗauki fiye da kilo 55. Ɗan dakon albasa na ɗaukar ninkin wannan tun safe har la'asar, ga ciwon baya da na gwiwa suna jiransa tun bai tsufa ba.

Injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu an yi shi ne don irin wannan aiki. Kamfanin Clark na Amurka ya fara ƙera motar jigila ta cikin masana'anta a 1917, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu injin ya bazu tare da palet, katakon da ake jera kaya a kai. Buhun siminti 40 a kan palet tan 2 ke nan, kuma injin na ɗaukarsu a tashi ɗaya.

Aikinsa kamar na ma'auni ne. Tayoyin gaba su ne tsakiya, kaya na gaba, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi na baya yana rinjayarsu. Idan kaya ya wuce abin da aka rubuta a jikin injin, ko ya zame zuwa bakin yatsu, baya sai ya ɗaga. Da tayoyin baya yake juyawa, shi ya sa gindinsa ke sharo wanda ya tsaya kusa. Direban ƙwarai yana tafiya da yatsu ƙasa-ƙasa, ba ya ɗaukar kowa a kansu, idan kaya ya rufe masa gani ya koma da baya.

Sayen injin kaɗai ba ya isa. Yana son daɓe mai ƙarfi, don yashi da ramuka na kifar da shi. Yana son palet da ƙofa mai faɗi. Mai shan gas ko fetur na cika rufaffen mangaza da hayaƙi mai guba, saboda haka na batir ya fi dacewa a ciki. Ƙurar siminti da ta hunturu na toshe matatar iska, dole a sami makaniki da kayan gyara a kusa. Albasa kuma tana ƙujewa idan an danne ta, sai an rage girman buhu ko an zuba ta cikin akwatuna masu shan iska.

'Yan dako na tsoron injin zai raba su da abincinsu, kuma tsoron na da hujja. Jera buhu a palet, ɗaurewa, ƙirga da kai kaya lungunan da injin ba ya shiga duk aikin hannu ne, amma ba za a bukaci mutane da yawa kamar da ba. Don haka a fara horar da su kansu su zama direbobi da makanikai. Ƙungiyoyin 'yan albasa su haɗa kuɗi su yi daɓe a wurin lodi, su sayi inji ɗaya na haya. Masu mangaza su yi wa ma'aikatansu rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNSS, hukumomin gari kuma su zauna da dillalai kan nauyin buhu kafin kakar albasa mai zuwa.