Jawabi: Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Jandarma?



A Nijar, ƴan sanda sun fi aiki cikin birane. Karkarar Madawa, Buza da Keita kuwa, rabon jandarma ce. Jandarma ya kama wanda ake tuhuma, ya yi bincike, ya miƙa shi ga alƙali. Ba shi ke yanke hukunci ba.

To, da me ake auna aikinsa? Wasu suna ƙirga yawan kamu da yawan tara. Wannan mudu bai cika ba. Ana iya tare babura ɗari bisa hanya, alhali ɓarawon shanu yana barci gidansa.

Talaka yana da nashi mudu. Bisashen da aka sace sun dawo? Mai albasa ya kai kayansa kasuwa, ya komo da kuɗinsa? Wanda ya biya tara, an ba shi takardar shaida? A Bangi, bakin iyaka, inda ƴan gudun hijira na jihar Sakkwato suka sauka a 2021 saboda ƴan bindiga, tambayar guda ce: an kwana lafiya?

Amma jandarma ba ya ganin abin da aka ɓoye masa. An sace sa ran Talata, ba a kai ƙara ba sai Juma'a. Kafin nan ya ƙetare iyaka. Wanda aka yi wa sata ya gaya wa maigari ranar nan, su je wurin jandarma tare, ya faɗi launin dabbar da shaidar da ke jikinta.