Jawabi ga masu kiwon kajin nama a Tarikom: zogale ƙari ne, ba madadin abinci ba

Mu ne na ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira, kuma yau maganar kaji ce ta kawo mu. Mun san akwai waɗanda suka ci bashi suka sayi 'yan tsaki, suna fatan ribar ta biya kuɗin sabulu da littafin yara. Shi ya sa muke so ku ji wannan da kyau.

Kuna yawan tambayarmu ko zogale na sa kaza girma. Yana taimakawa, domin busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Amma kazar nama cikin sati 6 zuwa 8 take kai sayarwa, kuma ba ta kaiwa sai da cikakken abinci mai masara da waken suya.

Ga yadda za ku yi. Ku shanya ganyen a inuwa, ku daka, ku tankaɗe. Kada ya wuce kilo 1 a cikin kilo 20 na abinci. In ya yi yawa, kaza ta rage ci, girma ya tsaya. Citta da tafarnuwa ɗan kaɗan ake sawa. Dogonyaro kuwa ɗacinsa na hana su ci. Masara ko ƙulikulin da ya yi fumfuna, ku zubar: gubarsa hanta take ci.

Abu mafi muhimmanci: babu ganyen da ke hana ciwon Niyukasul, mai murɗe wuyan kaza, wanda ya fi tsanani da hunturu. Rigakafi ne kaɗai garkuwa, haka ma Gumboro. Ku nemi malamin dabbobi na gunduma a Zebilla.

A watan Maris da Afrilu, daga Navrongo har Bawku zafi kan haura digiri 40. Ku ba su inuwa, da iska, da ruwan sanyi mai tsabta.

In wani ya kawo muku gari a leda, ya ce ya wadatar da rigakafi, kada ku saya, kada kuma ku sayar da rabon abincinku dominsa. Ku zo ku faɗa mana. Kawo ƙara kyauta ne, kuma sirrinku na nan a rufe.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.