Jawabin Kwamitin Tsafta Kan Gwajin Ruwan Sha a Sabo, Ibadan



Abin da ya tara mu yau shi ne ruwan da muke sha. Ruwan famfon garin nan daga madatsun Eleyele da Asejire yake fitowa, kuma ana tace shi a sa masa magani kafin a sako. To amma in bututu ya fashe a cikin kwata, ƙazanta na iya shiga a hanya. Ranar da babu famfo kuwa, sai rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, waɗanda ba mai duba su.

Jama'a, ido ba ya gwada ruwa. Sai ka ga ruwa garau, ga sanyi, alhali da ƙwayar cuta a ciki. A shekarar 1991 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta kashe mutum fiye da 7,000 a Nijeriya, a 2021 kuma fiye da 3,000.

Yadda ake gwajin shi ne, ma'aikaci zai ɗebi ruwa a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ya sa ta cikin ƙanƙara, ya kai ɗakin gwaji a ranar. Bayan kamar awa 24 sai a ga sakamako. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100, domin samunta alama ce cewa bayan gida ya haɗu da ruwan.

Saboda haka muna roƙon kowane mai rijiya ko burtsatse ya ba kwamiti sunansa, mu haɗa kuɗi a gwada kafin damina ta kankama. Wanda aka sami matsala a rijiyarsa kada ya ji kunya, gyara muke nema. Mai shirin haƙa sabuwa ya nisanta ta da masai kamar mita 30.

Kafin nan, iyayenmu mata, a tafasa ruwan sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Alif yana kwantar da laka ne kurum, ba ya kashe cuta. A rufe randa, a ware mata moda. Mai sayen fiya wata ya duba lambar NAFDAC.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.