Mai Taɓin Hankali Majinyaci Ne, Yana Da Haƙƙin Magani A Nan Inda Muke

Jawabin kwamitin walwala a taron iyalai na ƙungiya, Sabo, Badun

 

A wannan zaure mun sha tattauna haƙƙin rumfa a kasuwa, da makarantar yaranmu, da belin wanda aka kama ba bisa ƙa'ida ba. Yau za mu yi magana ne a kan haƙƙin mutumin da ba ya iya tsayawa ya nema wa kansa, wato ɗan'uwanmu da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama. Idan haka ta faru a gidajenmu, abu uku muka saba yi: ko a kulle shi a ƙuryar ɗaki don gudun surutu, ko a kai shi inda za a sa masa mari, ko a ɗora shi bisa motar da ta sauke kaya a ce a maida shi gida Arewa. Duk cikin ukun babu magani.

Da farko ya kamata mu sani cewa ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana kuwa kamuwa da ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wani nau'in wannan lalura. Wanda muke gani a bola da tsummokara kaɗan ne daga ciki. Mafi yawansu suna cikinmu, suna ciniki, suna girki, suna bin jam'i.

Akwai ciwon damuwa mai tsanani. Mutum ya wuce mako biyu cikin baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, ya daina fita kasuwa, har ya fara cewa gara mutuwa. Mu kuwa sai mu ce lalaci ne ko raunin tawakkali. Akwai wanda zai riƙa jin muryoyin da ba mai jinsu sai shi, yana zargin kowa da neman hallaka shi. Akwai wanda zai kwana da kwanaki ba barci, yana surutu, yana rabon jarinsa, bayan wani lokaci kuma ya koma shiru kamar ruwa ya ci shi. Akwai mai jego da za ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta ƙi jaririnta ko ta riƙa sambatu. Wannan na gaggawa ne, a ranar ya kamata a kai ta asibiti, kuma da yardar Allah takan warke sarai.

Sannan akwai namu na mazauna kurmi. Duk wanda ya ga rikicin Shagamu a 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na kasuwar Shasha a nan Badun a 2021, ya san cewa wuta takan mutu a kasuwa ta ci gaba da ci a zuciya. Akwai waɗanda har yau ƙarar fashewar taya takan sa jikinsu ɓari, suna mafarkin abin da suka gani. Wannan firgici ciwo ne da likitoci suka sani, suna kuma da hanyar magance shi.

Kada mu manta da shaye-shaye. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yaronmu ɗan acaba ko ɗan dako da ke haɗiyar tiramol don ya jure aiki, wata rana ita za ta juya masa kai. Duka ba ya fitar da ita daga jiki.

To, me ya sa muka kawo wannan magana a taron haƙƙi? Saboda mai taɓin hankali a baƙon gari haɗarinsa biyu ne. Idan ya fita yana yawo, ba ya jin Yarabanci, ba ya iya faɗin sunansa ko inda ya fito, ihu ɗaya na ɓarawon yara ya isa a taru a kansa. Kafin labari ya iso Sabo, mai aukuwa ta auku. Idan kuma aka ɗora shi a mota shi kaɗai, wa ya tabbatar ya isa? Sau da yawa ƙauyen da aka tura shi ya fi nan nisa da likita.

Jama'a, doka tana tare da mu. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtar da kowa ko wulaƙanta shi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko asalin garinsa. Ba wanda ya cire mara lafiya daga waɗannan sassa. Bugu da ƙari, a watan Janairun 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Tsohuwar tsarewa ta sa a gaba. Sabuwar ta hana ɗaure majinyaci da sarƙa, ta hana a nuna masa bambanci wajen aiki da muhalli, ta ba shi haƙƙin a rufa asirin ciwonsa, a kuma saurari ra'ayinsa kan maganin da za a yi masa.

Batun mari kuwa mun ga ƙarshensa da idonmu. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamban shekarar aka fito da wasu fiye da 200 daga wani gidan a unguwar Ojoo, nan kusa da mu. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Ba mugunta ce ta kai su ba, rashin sanin inda za a dosa ne.

Ga inda za a dosa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Badun, wanda muka sani da UCH, yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ga shi nan bayan Mokola. A Abekuta akwai asibitin Aro na gwamnatin tarayya. 'Yan'uwanmu na Agege da Mile 12 suna da na Yaba a Ikko. Akwai na Uselu a Binin, da na Inugu, da na Kalaba. Idan iyali sun ga lallai sai gida, to a tafi da ɗan rakiya da takardar likita zuwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Waɗannan asibitoci ba su tambayar takardar ɗan asalin jiha kafin su duba mara lafiya. Hasali ma a Aro ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda majinyaci ke zama a ƙauyen da ke kusa tare da wani danginsa, yana zuwa karɓar magani. Tun a lokacin ya gane cewa dangi rabin magani ne.

Game da maganin kansa, a riƙe abu huɗu. Na ɗaya, ba ya aiki dare ɗaya. Na damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauyi. Na biyu, kada a daina don an ga sauƙi, domin yanke magani ne ke dawo da ciwo. Wasu watanni za su sha, wasu shekaru, kamar mai hawan jini. Na uku, idan aka ga wuya ya sanƙare, ko hannu na rawa, ko miyau na zuba, a koma wurin likita, zai rage ko ya sauya. Na huɗu, wanda ba ya son haɗiyar ƙwaya kullum akwai allurar wata-wata. Ban da magani akwai zaman tattaunawa da ƙwararru, wanda ke taimaka wa masu damuwa da firgici ƙwarai.

Malamanmu, ba mu ce a bar addu'a ba. Ku ne kuka koya mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Roƙonmu shi ne, wanda aka kawo maku, ku yi masa addu'a ku kuma ce a wuce da shi asibiti. Maganarku ɗaya ta fi tamu goma a kunnen iyaye.

Daga ƙarshe, kwamiti yana neman amincewar wannan taro kan abubuwa kamar haka. A ware wani kaso na asusun walwala don kuɗin mota da magani. A samu matasa masu jin Yarabanci da Turanci, maza da mata, da za su riƙa rakiya asibiti suna tafinta. Duk gidan da ke da mara lafiya mai fita, a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da unguwarsa da lambar wani nasa. Shugabannin tasha kada su bari a ɗora irin wannan majinyaci a mota ba ɗan rakiya. Wanda kuma ya ji ɗan'uwansa yana zancen kashe kansa, kada ya ɗauka wasa, kada ya bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da wuƙa daga kusa, a nemi likita a ranar. Wanda ya warke a maida masa rumfarsa, a ba shi aure idan ya nema, a daina kiransa da sunan ciwonsa.

Iyayenmu sun kafa Sabo ne don baƙo ya sami masauki da mai tsaya masa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana; to ciwon ɗan zango ma na 'yan zango ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.