Darasin Da Annobar Korona Ta Bar Mana



Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Ikko. A lokacin nan ɗakunan gwajin cutar biyar ne kacal a ƙasa duka: biyu a Ikko, sauran a Abuja da Irrua da Ede. Watau mutumin Sakkwato ko Maiduguri sai an yi doguwar tafiya da samfurinsa kafin ya san matsayinsa.

Da aka hana fita a Ikko da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris, mai albashi ya zauna gida hankali kwance, amma ɗan dako da mai talla sai sun fita ake ɗora tukunya. An ce a yawaita wanke hannu, alhali a wasu unguwanni ruwa sai an saya. An ce a ba da tazara, alhali iyali duka ɗaki guda suke kwana.

Allurar rigakafi kuwa, Ingila ta fara ta tun Disamba, 2020, mu ba ta iso mana ba sai 2 ga Maris, 2021.

Lalle ne mu gane cewa muddin maƙwabci bai tsira ba, mu ma ba mu tsira ba. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Saboda haka kowa ya je asibitin mazaɓarsa ya nemi bayanin yin rajista, ya kuma sanar da na ƙauye. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.