Harfiyoyin Girkawa da Jan-Bakin Fadamar Augie



A cikin hikayoyin Girkawan dā akwai waɗansu dodanni masu fuskar mace da fukafukan tsuntsu, waɗanda ake kira Harfiya, watau mai fizgewa. Da farko ba munana ba ne. Mawaƙin nan Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya ambaci biyu, Ayelo da Okifeti, ya yabi gashinsu, ya ce suna tsere da iska. Sunan ta farko ma guguwa yake nufi, kuma 'yar'uwarsu ita ce Iris, bakan gizo. Idan mutum ya ɓace ba labari, sai Girkawa su ce su ne suka sure shi. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da yake a bakinsa kalma ɗaya ce, iska, ke nufin abin da ke kaɗa ganye da kuma aljan.

Daga baya ne suka munana, sa'ad da aka haɗa su da abinci. Afoloniyus, mutumin Iskandariya ta Masar, ya tsara labarin a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa. An yi wani sarki mai duba, Finiyas, wanda ya cika tona wa mutane abin da ke gaba, sai Zeyus, babban abin bautarsu, ya makantar da shi, ya sakar masa Harfiyoyi. Duk lokacin da aka ajiye masa akushi, ya miƙa hannu, sai su faɗo daga sama su wawashe. Abin lura a nan shi ne ba su kwashewa duka. Sukan rage ɗan kaɗan, su bar shi da ɗoyin da ba mai iya kusanta, daidai yadda zai ci kada ya mutu, amma ba zai ƙoshi ba. Haƙiƙa wanda ya ƙago wannan azaba ya san yunwa, domin fari ya fi ta sauƙi: wanda ruwa ya ƙi masa tun farkon damina ya san matsayinsa, ya tafi cin rani.

To, manomin shinkafa a fadamar Gulbin Rima, daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi, bai taɓa jin sunan Finiyas ba, amma ya san halin da ya shiga. Ya yi shuka, ya yi noma, ya zuba taki da bashi, shinkafa ta fid da kai tana nono, sai jan-baki su taso kamar hayaƙi. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, nauyinsa wajen giram 20, yakan ci wajen giram 10 a yini, watau garken miliyan 2 na iya lashe tan 20 tsakanin safe da magariba, ban da abin da suke kakkaɓewa ƙasa. Yara na wuni bisa rumfa da majajjawa, suna jan igiyar gwangwanaye, makaranta kuwa sai bayan girbi.

Ƙarshen hikayar ya dace ma'aikatan gona su ji shi. Matafiyan jirgin Argo sun biyo ta garin Finiyas, cikinsu da samari biyu masu fukafukai, Zitis da Kalayis, 'ya'yan iskar arewa. Suka zare takubba suka fafari Harfiyoyin har tsakiyar teku. Suna gab da sara sai Iris ta tare su, ta ce ba a kashe su, amma ta rantse ba za su sake komawa gidan Finiyas ba. Haka feshin jirgin sama yake a makwancin jan-baki. Yana ceton gonakin da ke kusa a wannan shekarar, amma tsuntsun na bin ruwan sama da ƙwayar ciyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma garken da ya ƙyanƙyashe a Jamhuriyar Nijar ba ya tsayawa a Kamba ya nuna fasfo.