JARABAR CACA CUTA CE, TANA KUWA DA MAGANI
Jawabi ga mazauna Dutse Uku, Jos, da sauran 'yan ƙasa

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Jos. Tun zamanin da ake haƙar kuza, akwai leburorin da kan karɓi ladansu su zubar a wurin karta kafin gari ya waye. Abin da ya sake yau shi ne cacar ta koma kan wasan ƙwallo, ta shiga shaguna da wayar hannu, har saurayi a Dutse Uku na iya rasa jarinsa yana kwance a ɗakinsa.

Ya kamata a san cewa lissafin caca ba ya goyon bayan mai zuba kuɗi. Wanda ya cinki sakamakon wasanni 10 a takarda guda, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta ci ɗaya ce tak cikin 1,024. Gaskiyar Hausawa da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta jera jarabar caca tare da cututtukan shaye-shaye, ta kuma bayyana alamomi uku. Na farko, mutum ya kasa tsayawa ko da ya yi niyya. Na biyu, caca ta sha gaban sana'arsa da ibadarsa da iyalinsa. Na uku, ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar da take yi masa. Galibi likita kan duba ko halin ya kai wata 12.

A gida kuwa, abin lura shi ne mai cewa sai ya fanshe abin da aka cinye masa. Misali, mai tuƙa Keke Napep ya zuba balas ɗin ubangidansa, ya ci bashi don ya maido, ya zuba bashin. Daga nan sai ƙarya, da ɓoye waya, da rashin barci, da ɓacewar kayan ɗakin matarsa.

Duka da gori ba su warkar da wannan cuta. Haka nan biyan bashinsa a asirce ƙara masa jari ne kawai. Abin da ya wajaba shi ne a zaunar da shi cikin mutunci, wani amintacce ya riƙe masa kuɗi da katin banki, a rufe asusunsa na caca, sa'an nan a kai shi ga likita. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai kuma asibitocin Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Babban maganin shi ne zama da gwani a kai a kai, don gyara tunanin da ke jan mutum. Wanda ya koma bayan ya bari, kada a yanke ƙauna, a sake kai shi. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa, lalle a garzaya da shi asibiti ran nan.

Saboda haka ana roƙon limamai da fastoci da masu unguwanni su isar da wannan saƙo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.